Na Gudu Setse Don Kada Ya Durƙusa Mini

Talata, 8 ga Oktoba, 2019

Na iso Setse. Bas biyu da a-kori-kura ɗaya, ƙuguna kamar an daka shi a turmi. Ban gaya wa kowa ba, tun a tashar Yangon na kashe waya. Mace mai shekara sittin da biyu ta gudu daga gidanta. To, na gudu ɗin.

Ranar Lahadi wata zai cika, bikin Thadingyut ke nan, ranar da ake kunna kyandir, ƙanana su durƙusa wa manya neman gafara. Tunda Inna ta rasu ni ce babba a gidanmu, don haka gabana ƙanena Maung Thaung zai zo da matarsa da 'ya'yansa, su sa goshi a ƙasa sau uku, ya roƙi in yafe masa abin da ya yi mini da jiki, da baki, ko a zuci. Wanda aka durƙusa wa kuwa ba ya cewa a'a, tunda nake ban taɓa ji ba. Dole in buɗe baki in ce na yafe, in sa albarka, har in ce shi ma ya yafe mini.

Sai ya je ya durƙusa wa kwaɗon ƙofa.

Laraba, 9 ga Oktoba

Garin ba komai a cikinsa, shi ya sa na zaɓe shi. Teku launin shayin da aka cika wa madara, yashi ruwan toka, karnuka suna barci a tsakiyar titi. Damina ba ta gama tafiya ba, rumfunan bakin ruwa duk a rufe.

Mai masaukina Daw Ngwe ce, gajeriyar tsohuwa, haƙoranta jawur da wani ganye da ake taunawa a nan kamar goro. Bakinta ba ya hutawa.

"Malama, ke kaɗai? Ba miji, ba jika, ba ko mai riƙe jaka?"

Na ce wa ya gaya mata ni malamar makaranta ce. Ta ce, "Yo wa ke kallon mutum ta saman tabarau haka, kamar bai yi aikin gida ba?"

Ban yi dariya ba. Kifinta gishiri ya yi yawa.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Bari in rubuta shi sau ɗaya, tunda takarda ba ta ce wa mutum ya yi haƙuri.

Shekara goma sha ɗaya ina jinyar Inna. Ni na yi mata wanka, ni na juya ta, ni na kwashe abin da ba a faɗa. Maung Thaung sai ranar Lahadi, ya zo da lemo, ya zauna awa ɗaya, a ce yaron kirki. A watan Yuni aka yi mini aikin ido. Likita ya ce mako guda in kwanta rubda-ciki a asibiti, ba tafiya, ba kuka. Na kai Inna gidan Maung Thaung. Mako guda tak.

A kwana na biyu ta cika. Ya yi shawara da matarsa da ƙannen Inna, suka ce kada a tayar wa Yaya hankali, idonta zai lalace. Mu mutane ne masu nauyin baki, gara mu haɗiye garwashi da mu dami mutum. Suka ƙone gawarta a rana ta uku yadda muka saba a al'adarmu, ina kwance fuskata cikin matashi.

Kullum kuma yana zuwa da kwanon abinci. Ba na iya ɗago kai, ƙafafunsa kawai nake gani.

Sai in ce, "Ya jikin Inna?"

"Tana nan lafiya, Yaya. Tana gaishe ki."

Ranar da aka ƙone ta ma haka ya ce. Na ga toka a yatsun ƙafarsa, na ce masa ya riƙa wanke ƙafa, shi ba yaro ba ne.

Na tsane shi. Ga shi na rubuta, hannuna bai karye ba.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Ruwa tun safe. Idon yana gani tangararan, abin haushin ke nan.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na taka bakin ruwa har inda masunta ke shanya jatan lande. Wata mai sayar da kwakwa ta ce gobe 'ya'yana za su yi ta nemana. Na ce ba ni da kowa. Ta ba ni kwakwa, ta ƙi karɓar komai a hannuna, na ji kunya, na kuma ji haushin kunyar.

Da na dawo na tarar da Daw Ngwe tana share tsakar gida tana zagin ɗanta Htun Lin. Wai kwale-kwalen da ubansa ya sassaƙa da hannunsa ya sayar ba da saninta ba, ya sayi babur ya koma birnin Mawlamyine.

"Sakarai, kan kifi! Gobe za ki gan shi da nonon ayaba da kyandir, yana sunne kai kamar na kirki."

Na ce ta rufe ƙofa mana. Ta tsaya da tsintsiya tana kallona kamar na ce ta yi tsirara a kasuwa.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Htun Lin ya zo da hantsi. Ƙato, baƙi, da ƙunar salansa a ƙafa. Ayaba da kyandir, kamar yadda uwarsa ta ce, da sabon zane. Na so in shige ɗaki, ta jawo ni ta zaunar da ni kusa da ita a kan tabarma, wai ai ni ma babba ce. Haka ɗan mutane da bai san ni ba ya sa goshi a ƙasa gabana. Kilomita ɗari uku na yi don kada a yi mini haka.

Ta ce ta yafe, muryarta a bushe. Ta yi masa fatan lafiya da tsawon rai. Sannan ta ce, "In ni ma na cuce ka da bakin nan nawa, ka yafe." Sai ƙaton nan ya fashe da kuka. Ni ban san me na ce ba, bakina ne ya yi aikinsa.

Bayan ya fita jera kyandir a kan katanga na tambaye ta ko da gaske ta yafe.

"Ina fa! Kwale-kwalen mijina? Malama, baki ne ke fara zuwa, zuciya tana biyo baya da ƙafa. Bara ba ta iso ba, bana ma ban ji motsinta ba. Amma in na kulle ƙofa, ranar da ta iso wa za ta tarar?"

Na ce mata wannan munafunci ne. Ta ce ƙwarai kuwa, in ƙara shinkafa.

Da magariba gari duk kyandir. Na rufe taga.

Litinin, 14 ga Oktoba

Akwai abin da ban rubuta ba ranar Alhamis.

Da na kai Inna gidan ƙanena, a bakin ƙofa na ce masa, "Ko gidan ne ya kama da wuta kada wanda ya neme ni. Shekara goma sha ɗaya rabona da barcin kirki." Da ƙarfi na faɗa. Inna tana kwance a falo, kunnenta kuwa bai taɓa samun matsala ba.

A asibiti na yi barci kamar gawa, kuma na ji daɗinsa. Wayar Maung Thaung tana aljihunsa kullum. Kwana shida, ko sau ɗaya ban ce ya kira gida in ji muryarta ba. Da na ce, da ƙaryarsa ta ƙare tun ranar da ya fara ta.

Wannan bai wanke shi ba. Ban ce ya wanke shi ba.

Laraba, 16 ga Oktoba

Gobe zan koma. Ba don komai ba, sauron garin nan ya ishe ni.

Na kunna waya. Na zaci zan tarar da kira ɗari, sai saƙo ɗaya, na ranar Lahadi: "Yaya, mun zo ba mu same ki ba. Ba za mu dame ki ba. Ki riƙa ɗiga maganin ido." Har yanzu bai koyi komai ba, ba zai dame ni ba dai! Wawan yaro, da furfurarsa.

Daw Ngwe ta ce ai har ƙarshen wata ana durƙuso. Ban tambaye ta ba.

Na rubuta masa, na goge, na sake rubutawa. Abin da na tura ke nan: "Asabar ina gida. Kada ka zo da iyali, kai kaɗai. Ina so in ji yadda Inna ta cika, tun daga farko, kuma kada ka rage komai don kare mini ido."