Abin da Hajiya Ta Ce Ranar Sallah

Gwale, 7 ga Oktoba, 2023

Zuwa ga ɗana Abdulbaƙi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya jama'ar Ƙofar Nassarawa? Ni ce innarka Indo, ƙanwar mahaifiyarka, in ka manta da ni. Tunda kai ba ka ɗaga waya, sai an rubuto maka kamar wani hakimi, to ga shi na rubuto. Malam Gwadabe mai adaidaita zai miƙa maka a shago.

Mutanen gida lafiya lau, sai Yaya da take ɗan fama, ka san jiki da jini. Ranar Takutaha, bayan Mauludi, ta sa aka yi tuwon shinkafa da miyar taushe, irin wanda wani mutum yake so, aka zuba a kwano aka rufe, har la'asar ba ta bari an taɓa ba. Darbejiyar tsakar gida kuma ta yi reshe har kan rufin ɗakinta, kullum sai ta ce gida dai sai da namiji. Ni kam ban ji an ce an haƙa rami tsakanin unguwarku da Gwale ba.

Allah ya yi maka albarka.
Innarka, Indo

Ƙofar Nassarawa, 9 ga Oktoba

Inna Indo,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki. Ban manta da ke ba.

Na yi magana da Kabiru mai saran itace, zai zo ranar Alhamis ya rage darbejiyar. Ba a haƙa rami ba, na bi hanyar ranar Asabar da na kai wa wani tela keken ɗinkin da na gyara. Ban san mutumin da yake son miyar taushe ba. Ni ma ina so, amma ba a aiko mini ba.

Batun waya, na taɓa yi miki bayani. Likitan da ya duba ni ya ce sunan abin otizim, kuma ba ciwon da ake sha wa magani ba ne. Ina gane abin da aka faɗa. Abin da aka ƙi faɗa ne ba na ganewa. A takarda ina iya sake karantawa.

In kina tambayar dalilin da ya sa ba na zuwa ne, ga shi. Ranar ƙaramar sallah na zo gaisuwa. Hajiya ta ce miki, “Ki ce masa ba sai ya riƙa wahalar da kansa yana zuwa ba.” Ke kika maimaita mini. Yau kwana ɗari da saba'in da ɗaya ina bin umarninta. Ko da babbar sallah nama kawai na aika.

Wane ciwo ne yake damun Hajiya? Ki rubuto sunansa.

Ki huta lafiya.
Abdulbaƙi

Gwale, 10 ga Oktoba

Abdulbaƙi,

Sallama da gaisuwa, sai dai yau gaisuwata gajeriya ce don ka kashe ni da raina. Inna lillahi! Wato wata biyar da ɗoriya muna nan muna cewa yaro ya yi fushi, ko wani ya zuga shi, ashe kai biyayya kake yi?

Kai ɗan fari ne. Tun da aka haife ka Yaya ba ta taɓa kiran sunanka ba, ba ta taɓa ɗaukarka a gaban mutane ba, ana yaye ka aka kai ka wurin kakarka. Haka uwarmu ta yi mata, don ita ma 'yar fari ce. Kunya ke nan, kuma a wurinmu ado ce. In irin wannan uwa ta ce kada ka wahalar da kanka, nufinta ta ji daɗi, ka dawo gobe. Kowa a lungun nan ya san haka. Ni ma da laifina, da dariya na faɗa maka, na ɗauka ka gane.

Ka ce in rubuta suna, to ƙoda ce. Tun bayan babbar sallah ake kai ta wankin ƙoda, Talata da Juma'a. Yau likita ya ja ni gefe ya ce wankin ya fara daina yi mata amfani, mu yawaita addu'a. Ita ta hana a gaya maka. Raina a ɓace yake, kuma tsoro nake ji.

Ka zo. Ka ga dai na faɗa ba kwana-kwana. Kabirun naka kuma ya bar mana bishiyarmu, a inuwarta take sha iska.

Innarka

Ƙofar Nassarawa, 11 ga Oktoba

Inna Indo,

Ina gaishe ki. Na gode da kika rubuta sunan ciwon. Na ji tsoro. Na rufe shago tun azahar. Na ce wa Kabiru ya fasa.

Ke kin ce in zo. Ita ta ce kada in zo, kuma ta hana a gaya mini ba ta da lafiya. Ɗakin nata ne, jinyar ma tata ce.

Shekarata talatin da shida. Duk sanda na shiga ɗakin Hajiya sai ta juya fuskarta bango. Kin ce kunya ce, kuma na san ba ƙarya kike yi ba. Amma ƙanwata Sa'adiyya ta taɓa juya mini fuska haka ranar da take fushi da ni, na duba sosai ban ga bambanci ba. Tun ina yaro abin da na ɗauka shi ne Hajiya haƙuri take yi da ni, saboda yadda nake. Ban taɓa gaya wa kowa ba. In haka ne, ba na so in ƙara mata nauyi tana kwance.

Tambayata ɗaya ce, ki karanta mata yadda na rubuta. Tana so in zo? I ko a'a. Na san ba a yi wa uwa irin wannan tambayar. Ba ni da wata hanyar da zan sani.

Allah ya ba ta lafiya.
Abdulbaƙi

Gwale, 12 ga Oktoba

Abdulbaƙi,

Gaisuwa. Na karanta mata tun daga sama har ƙasa, har da batun haƙurin, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Can sai ta ce in kashe fanka, sanyi take ji. Shi ke nan abin da ta ce.

Ɗana, macen da ta shekara talatin da shida ba ta furta sunanka ba, ba za ta amsa wannan ba. Kada ka jira. Ni dai na fita haƙƙinka.

Indo

Gwale, Juma'a

Zuwa ga wanda ya aiko da tambaya,

Aminci ya tabbata a gare ka. Indo ba ta san na rubuta ba, ni na ba Gwadabe da hannuna a hanyar asibiti. Ka yi haƙuri da rubutun.

I. Ina so ka zo. Tun ranar sallah nake so.

Ban taɓa yin haƙuri da kai ba, ba ka taɓa zama mini nauyi ba.

In ka shigo zan juya fuskata bango. Haka aka koya mini, kuma na tsufa da sake hali. Kada ka tafi. Ka zauna.

Mahaifiyarka