Shinkafar Cikar Wata

Litinin, 7 ga Oktoba

Namiji! Matar ɗana Chun-hong ta sauka lafiya. Na zama kaka. Na kunna turare gaban hoton iyayena. Malamar makarantar yamma ta sha ce mana mu rubuta abin da muke ji, ba abin da ya faru kaɗai ba. To ina jin kamar in yi ihu a titi.

Laraba, 9 ga Oktoba

Na buga wa Yaya waya can kan dutse a Meishan. Idonta ya kusa tafiya, amma bakin yana nan. Ta ce, “A-Hok, lokacin da Chun-hong ya cika wata da haihuwa, tun daga kwanar ƙasa na ji ƙarar baburinka da shinkafar cikar wata. Wannan karon ɗan aike za ku turo min da kwali?”

Na ce da kaina zan zo, kuma za ta ji ƙarar. Ita ta goya ni. Ba zan aika mata da kwali ba.

Chun-hong ya ce, “Baba, yanzu a waya ake oda, su kai har ƙofa.” Matata Siu-kheng ta ce, “Tsoho, babur ɗin da ka sayar tun yaushe?” Ai akwai irinsa a gari, zan nemo in saya. Shekara talatin ina rabon tukwanen gas a kansa, ba wanda zai cuce ni.

Asabar, 12 ga Oktoba

Babur na farko. Ja, tanki na sheƙi. Na sa tafin hannu a jikin injin, da ɗumi. Mai shi ya tayar da shi kafin in zo don kada in ga halinsa na safe. Na ce, “Yaro, tun ba a haife ka ba na san wannan dabarar.” Ya ce rana ce ta buge shi. A cikin rumfa!

Talata, 15 ga Oktoba

Na biyu, bayan kasuwar gabas. Na yi sammako, injin sanyi ƙalau. Salansa ba tsatsa, ba ɗigon baƙin mai a ƙasa. Na buga kik, na buga, na buga. Shiru. Mai shi ya ɗora ƙafa da silifas, bugu ɗaya ya tashi. Wani sirri ne da shi, shi ya san inda yake taɓawa. Ba na sayen babur mai sirri.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na riƙe jikana. Ya yi min fitsari a riga. Kunnuwana ne da shi, kowa ya ce.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na uku ya mayar min da kik a ƙafa. Gwiwa ta kumbura kamar gwanda. Duk baburan garin nan sun lalace, mutane ba su san kula da abu ba.

Siu-kheng tana shafa min man zafi tana cewa, “Uku ke nan duk marasa lafiya. Ikon sama, kuma duk a ƙarƙashin ƙafa ɗaya suke ciwo.” 

Alhamis, 24 ga Oktoba

Na je gun A-Tek bakanike, abokina tun zamanin gas. Ya nuna min wani babur mai maɓalli, wai dannawa kawai. Na ce wannan kukan sauro ne zan kai wa Yaya? Ya ce, “Ɗan’uwa, babur yana tsufa a canza masa fulogi. Kai fa, ina ake sayar da naka?” Ya yi ta dariya har taba ta sarƙe shi. Daɗin daɗawa, shayinsa ma ba daɗi.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Hui-chun, ’yata, ta rufe shagon gyaran gashinta ta kai ni Minxiong a mota. Wani manomin abarba ne, babur ɗin na mahaifinsa. Yana bayan rumbu an rufe shi da buhu. Baƙi, kariyar baya mai faɗi irin tamu. Na duba cen, na duba taya, na sunkuya na shinshina tanki, man bai ruɓe ba. Injin sanyi. Lambar jikinsa ta yi daidai da takarda.

Na buga sau biyu, gwiwa ta ce a’a. Na fara gaya wa manomin cewa kafireto ne. Hui-chun ta ce, “Baba, riƙe min jaka.” Ta hau da takalmin shago, ta lalubo inda kik ke tauri, yadda na koya mata tana ’yar sakandare, ta sake nauyinta.

Ƙarar nan. Ita ce, ba wata ba. Sai da na juya baya na yi kamar ina duba abarba.

Na saya. Na dai gaya masa kafireton na buƙatar wanki.

Talata, 29 ga Oktoba

Bai tashi ba.

Laraba, 30 ga Oktoba

Na gangara da shi ta gangaren makaranta, ya tashi a giya ta biyu. Ashe ga dabara. Na zaga unguwa kamar sarki.

Asabar, 2 ga Nuwamba

A danja na sauke ƙafar dama, ƙafar ta lanƙwashe kawai. Muka kwanta ni da shi. Madubi ya fashe. Mai sayar da miyar kifi ta ɗaga ni tana cewa, “Kaka, a kira wa?” Na ce kada a kira kowa. Kafin in iso gida labari ya riga ni.

Siu-kheng ba ta yi tsiya ba. Da ta yi ma da ya fi. Ta ce, “Hanyar Meishan duk kwana ce. Yaron nan yana so ya san kakansa.”

Saura kwana huɗu. Na ɗaga waya in gaya wa Yaya, na ajiye.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Cikar wata. Tun asuba gidan ke ƙamshin man riɗi da naman kaza na daji. An zuba wa Yaya shinkafa a kwano, da jajayen ƙwai biyu da cinyar kaza. Na fito na tarar A-Tek ya sa sabon madubi, Hui-chun na zaune a gaba da hular kwano, ta miƙo min ɗaya. Ta ce, “Kariyar nan ba ta riƙe kwano, Baba. Sai da mai riƙewa.” Ƙarya take, kariyar nan tukunyar gas uku take ɗauka. Na hau baya don shinkafar.

Tana saurin sakin kuloci, na gaya mata a kowace kwana.

Yaya na zaune a ƙofa tun kafin mu ɓullo. Ta ce, “Na ji shi tun daga ƙasa. Amma na ce wannan ba A-Hok ke tuƙi ba, wannan ya iya sa giya.” Ta shafa fuskata, ta shafa ta Hui-chun, ta ci ƙwan tana kuka. Ta zuba ɗanyar shinkafa a kwanon ta mayar mana, yadda ake yi.

Ashe akwai gonakin shayi a hannun hagu, har ƙasan kwari. Duk hawan da na yi a hanyar nan kwalta kawai na sani.

Yaya na son ganin hoton yaron da babban gilashi mai ƙara girma. Hui-chun ba ta buɗe shago ran Litinin. Na ce ta zo da wuri, kuma ta sa matashi a kariyar.