Rigar da Ban Taɓa Sawa Ba

Laraba da dare, unguwar Briqueterie

Habiba, ɗalibata da ta ci bakaloriya, jarrabawar gama sakandare, bana, ta tare ni a ƙofar shagon ɗinkin babanta. Gobe za ta miƙa takardun jami'a. Shekara biyu ke nan ina zuga ta ta yi karatun lauya.

Ta ce, "Malam, ashe kai ma shi ka karanta? Baba ya ce shi ya ɗinka maka baƙar rigar lauyoyi."

Gaskiya ne. Na yi gaggawar ɗinkin, sannan na faɗi jarrabawar shiga aikin sau biyu. Rigar tana ƙasan akwati.

"To in cike takardun karatun lauyan ko in fasa, Malam?"

Na ce ta cike. Tun ɗazu zuciyata ba daɗi. Ban sani ba ko don ita na faɗa, ko don kaina.