Allurarku Ta Biyo Taki Har Gonata

Zuwa ga Likita mai asibitin da ke bayan unguwarmu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan alheri, ya ƙoƙari da marasa lafiya a wannan lokaci na korona? Allah ya saka.

Ranka ya daɗe, ni manomi ne, gonata tana kan hanyar Banga in ka fita daga Ƙaura. Sau biyu na zo ganinka aka ce kana aiki, shi ya sa na rubuto inda kowa zai gani.

Na farko. Jujin da ke jikin katangarku ba bola ba ne a wurinmu, taki ne. Tun zamanin mahaifina, tokar gidajenmu da kashin awaki nan ake tarawa, bazara ta yi mu kwashe da amalanke zuwa gona. Da annobar nan ta shigo sai masu shararku suka fara juye kwandunansu a kai. Takunkumi, safar hannu, auduga mai jini, toka ta rufe su ruf. Ba wanda ya ce mana uffan.

Na biyu. Sati uku da suka wuce, ina cikin baza takin nan, allura ta huda silifas ɗina ta shige tafin ƙafata. Na zaro ta da sirinjinta, da sauran jini busasshe a ciki. Jinin wa? Oho! Asibitinku na ɗingiso, ma'aikaciyarku ta wanke, ta ɗebi jinina, ta ce in dawo bayan wata uku a sake aunawa, ko ciwon hanta, ko ƙanjamau. Wata uku fa, Likita! Wallahi tsoro nake ji. Na ware kwanona da rezata. Mai ɗakina ta ce ba sai na ware ba, ni na kasa yarda. Ko ciwon kai na yi sai gabana ya faɗi. Haba, me na yi muku?

Na uku. Amalanke takwas na kai, na riga na baza rabi. Maƙwabtana biyu ma sun ɗiba, ɗaya ya kai wa surukinsa wajen Zurmi. Hadari kuma ya fara haɗowa gabas.

Ba diyya nake nema ba. Ku haƙa rami cikin harabar asibitinku, ku ƙone kayanku can. Ku turo ma'aikata da safar hannu mu bi gonakin nan mu tsince. Ku sa a yi shela a masallacin Juma'a, duk wanda ya ɗebi takin ya sani. A yi shi cikin satin nan, don Allah. Ruwa na sauka kowa zai fita shuka, mata da tsofaffi, kuma ka san yadda muke yi: a jefa gero a rami, a danne da diddige, ba takalmi.

Allah ya tsare ka da iyalinka, ya ɗauke mana annobar nan.

Wassalam.

Naka,
Manomin da ke jiran sakamakon jininsa.