Goro Biyar da Kwalbar Kalbin

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gwajin 'Yan Tseren Keke,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da iyali.

Sunana Malam Ɗanjuma. Shekara arba'in na yi ina gyaran keke a bakin kasuwar Funtuwa kafin 'yata Binta ta ɗauko ni zuwa nan Greensboro, ƙasar Turawa, inda take karatu. Ban yi boko ba. A kaset nake faɗa, ita za ta rubuta ta juya maka da Turanci, kuma na hana ta sassauta ko kalma ɗaya.

Maganar maƙwabcina Kalbin ce, wanda kuka ƙwace wa lambar yabon tserensa, kuka dakatar da shi wata shida, wai an ga abin ƙara kuzari a fitsarinsa.

Na ɗaya, na san ƙafar mutumin nan. Ni nake ɗaure masa wayoyin kekensa. Na ga mahaya a duniya, na ga masu ɗauko buhu biyu na gero daga ƙauye ba su sauka ba, ina riƙe da sunayensu har yau. Amma ban taɓa ganin irin Kalbin ba. Wata safiya Binta ta bi shi da mota a hanyar Summerfield, ina zaune ina kallon bayansa. Ya hau tudu, kafaɗarsa ko motsi ba ta yi, sai ƙafafu kawai suna juyawa kamar ba nasa ba. Na yi ta tasbihi har muka dawo. Allah ne ya yi wannan ƙafa, da sammakon atisaye na shekara tara.

Na biyu, ni na ba shi abin. Safiyar tseren na miƙa masa goro biyar, fari, wanda aka kawo mini daga gida, domin mu ba ma sallamar mai tafiya hannu wofi. Ni kuma na koya masa tun farkon zamanmu cewa ba a mayar wa dattijo goronsa. To, shi bai san ana sa shi a aljihu ba. Ya ɗauka girmamawar ita ce a cinye. Ya tsaya gabana ya tauna duka biyar, yana yamutsa fuska don ɗaci, a kan kofin gahawar da ya riga ya sha. Na yi dariya, ban hana shi ba. Da kuka kira shi, ya ƙi ambaton sunana don kada a ja tsoho gaban kwamiti. Sai jiya matarsa ta gaya wa Binta.

Na uku, na'urarku ta gwajin fitsari. Wallahi ta ba ni tsoro. Goron da aka tsinka a kurmi, ya ratso teku cikin ganye, mutum ya tauna shi, ya yi gumin wuni guda, amma ta tono shi daga 'yar kwalbar fitsari! Na kwana ina jinjina ilimin da Allah ya ba ɗan Adam. Ban ce ta yi ƙarya ba. Sai dai ta ga abin da ya shiga cikin Kalbin, ba ta ga hannun da ya miƙa ba. Kuma 'yan keke suna raɗa cewa akwai masu ƙara wa kansu jini su wuce ta lafiya lau. In haka ne, da wane ido za mu kalli wanda ya zo na ɗaya gobe?

Roƙona, a sake zama, a kira ni in yi rantsuwa. A mayar masa da lambarsa. A kuma rubuta sunan goro ƙarara cikin abubuwan da kuka hana, don wani tsohon. In kuna shakka, ku aiko mini da kwalba. Shekara sittin ina ci, na'urarku za ta sha kallo.

Allah ya ƙara maka basira, ya sa ka gama lafiya.

Ga goro ɗaya nan cikin ambulan. Ba a mayarwa. Amma ka sa shi a aljihu.

Wassalam.
Malam Ɗanjuma mai keke, Greensboro