Sati guda ina yayarki

Assalamu alaikum Yaya Asabe. Ya jiki, ya Malam da jikoki? Mu nan Dagenham lafiya lau, sai gwiwar nan. Rabi ke rubutawa, ina faɗa.

Takardar asibitin da na taho da ita daga wajen Bashir ɗana a Holan ta ja min. Shekaruna sittin da bakwai suka dunƙule a kalma ɗaya, doguwa kamar tsire. Rabi, rubuta mata ta gani: zevenenzestigjarige. Rabi ta ga bakwai a gaba, shida a baya, ta fassara wa likita saba'in da shida. Suka ce takardar wata tsohuwa ce, aka yi cancel ɗin aikin gwiwar!

Sai da Bashir ya yayyanka kalmar a waya: bakwai, da, sittin, mai shekara. Wai su ƙaramin suke fara faɗa. Na ce, "Kai Bashir, masu sa ƙani gaban wansa kake zaune da su?"

An ba ni wata rana, nan da wata uku. Ki sa ni a addu'a, ki gaishe da kowa. Sati guda na yi ina yayarki, ko gaishe ni ba ki yi ba. Ga girmanki nan na mayar miki.

Ƙanwarki,
Hajara