Neman Ɗaki a Ƙasa

Zuwa ga Malama, uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙarfin jiki? Ya Auta da mijinta da jikokina? Ni lafiyata ƙalau, sai dai gidan nan ya yi mini faɗi.

Na san waya na gajiyar da ke tun da ciwon ya taɓa miki harshe da hannun dama, shi ya sa na koma takarda. Auta ta karanta miki a hankali, kada ta tsallake inda ba daɗi.

Wata bakwai ke nan da likita ya ce ba ke ba matakala, ga ɗakinmu a hawa na huɗu, benen kuma ba lif. Kin san tun makon da aka kai ki gidan Auta na cike fom a shafin intanet na ƙungiyar gidajenmu, ina roƙon a sauya mana ɗaki a ƙasa. In na je ofis sai a ce komai ta shafi ake yi yanzu, in yi haƙuri.

To, jiya ƙungiyar ta tara mu tsofaffi takwas, wai za a sake fasalin shafin, suna so su ga yadda muke fama da shi. Wadda aka ɗauko don aikin sa'ar Auta ce, muna ce mata Injiniya. Ta ce in nuna mata yadda na cike nawa. Na sa tabarau, na bi layi-layi da yatsa ɗaya, na danna madannin ƙarshe, shafi ya yi fari. Na ce mata shi ke nan, ya tafi. Sai na ga ta ajiye bironta.

Malama, bai tafi ba. Madannai biyu ne a manne da juna, ruwan toka kan fari, rubutunsu kamar ƙwayar gero. Ɗaya na turawa, ɗaya na sokewa. Wata bakwai ina jiran amsar takardar da ni na soke da hannuna. Ni da na yi shekara talatin a maɗaba'a ina kama kuskuren mutane. Na hau matakalar nan da ƙyar.

Ki yafe mini.

Naki,
Tsohonki

*

Zuwa ga Malama,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Auta ta ce kin taka daga gado zuwa ƙofa ba wanda ya riƙe ki. Na gode Allah. Ta kuma ce da aka karanta miki wasiƙata dariya kika yi. Ban sani ba ko in ji daɗi ko in ji haushi.

Duk Talata yanzu muna zama da Injiniya. Ashe ba ni kaɗai ba ne. Tsohon direban hawa na biyu hannunsa na rawa, kafin ya gama rubuta adireshi shafin ya ce lokaci ya ƙare, ya koma farko. Maƙwabciyarki tela kuwa, da idonta ya tafi, wayarta ce ke karanta mata, amma in ta shiga shafin ba abin da wayar ke cewa sai hoto, hoto, hoto. Ta ce ko mahaukaci ya fi wannan hira.

Ni aka ɗora wa maganar haruffa. Na sa an ƙara musu girma, baƙi sosai kan fari, an buɗa tsakanin layuka, an raba madannan nan biyu nesa da juna. Manajan ƙungiyar ya so a bar manyan hotunan benaye a shafin farko don kyau. Na miƙe na ce masa, ranka ya daɗe, mun san kamannin benen, a cikinsa muke kwana, inda za mu danna muke nema. Injiniya ta binciko mutum arba'in da uku da suka fara fom ba su kai ƙarshe ba. Da ta karanta adadin, manaja bai sake maganar hoto ba.

Na sake cikewa ranar Alhamis a sabon shafin da muke gwadawa, na haɗa da takardar likita. Wannan karon shafin ya rubuto mini da manyan haruffa cewa an karɓi buƙatata, har da lamba da kwanan wata. Na kwafe su a bayan kalanda.

Akwai abin da ke cina. Auta ta kira ni ta ce in daina wahala, in tattaro in dawo gidanta mu zauna duka. Na san don Allah ta faɗa. Amma ni ba masauki nake nema mana ba. Ina so in ji motsinki a ɗaki na kusa, kina mitar na bar famfo yana ɗiga. Har yau kofi biyu nake saukewa da safe, sai in mayar da ɗaya. In kuwa ke kin fi son can, ki gaya mini gaskiya, zan janye.

Naki har kullum,
Tsohonki

*

Malama,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da yaran. Takardarki ta iso. Kalma uku da hannun hagu, “Kada ka janye,” sun karkace kamar za su faɗo daga layi. Ban taɓa ganin rubutun da ya fi shi kyau ba, kuma kin san na ga rubutu.

An ba mu ɗaki. Lamba shida ne a ƙasa, a benen da ke bayan namu. Ba zan yi miki ƙarya ba, ya fi namu ƙanƙanta, tagar falo kuma wurin ajiye motoci take kallo. Amma daga titi har bakin gado ba tudu ko ɗaya, akwai ƙarfen riƙewa a banɗaki, na auna ƙofofin, keken da ake tura ki a kai zai shige da sauran wuri. Jiya aka buɗe sabon shafin ga kowa. Tela ita kaɗai ta shiga shafin ta kai ƙarar tagarta da ta fashe, ta zo tana yi mana ɗagawa.

Direba da 'ya'yansa sun taya ni sauko da kaya. Gado, kabad da kujerarki suna nan tsakiyar ɗaki, ban jingina komai da bango ba. Shekara arba'in da ɗaya ban taɓa ajiye abu kin bar shi a inda na ajiye ba, ba yanzu zan fara gwada sa'a ba.

Auta ta ce Asabar da hantsi za ku taso. Zan fito da kujera bakin ƙofa tun da safe. Ki zo ki nuna, ni in ɗauka.

Mijinki mai jiranki,
Tsohonki